Ungulu Kafin Shaho: Zaɓen Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot ga Ɗan Koyo

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Hausa zai iya tuna lokacin kaka, sa'ad da yara kan tsinto karan dawa su ɓare shi, su riƙa soka sille a jikin totuwa har su ƙera mota ko jirgin sama. Jirgin kara ba ya tashi, sai dai mai shi ya riƙe shi a hannu yana gudu, yana yi masa kukan inji da baki. A yau kuwa akwai ƙananan jiragen sama masu inji da farfela, waɗanda suke tashi kamar yadda manyan suke tashi, mutum yana tsaye a ƙasa da rimot a hannunsa yana ba su umarni ta hanyar rediyo. Tambayar da ɗalibai 'yan ƙungiyar kimiyya da malamansu suka fi yi mini game da waɗannan jirage ita ce: wane iri ya kamata mu fara saye?

Ni kaina ban yi wannan tambaya ba a lokacin da ya kamata in yi ta. Na yi watanni ina tara kuɗi, sa'an nan na sayi jirgin da ya fi kowanne kyau a idona, wato kwaikwayon jirgin yaƙin nan na Ingila mai suna Spitfire. Ranar da na fita da shi fili bai cika sakan 10 a sama ba. Ya tashi, ya karkata hagu, kafin in tuna inda zan tura yatsana ya riga ya kifa da hanci a ƙasa. A cikin buhu na kwaso shi. Jirgin ba shi da wani aibi. An ƙera shi ne domin gwanaye, ni kuwa ranar na fara.

Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa malamin ilimin halittu da jirgin sama? Abin da ya haɗa su shi ne tsuntsu. Dokokin da suke riƙe da ungulu a sararin sama su ne suke riƙe da jirgi, babba ko ƙarami. Wannan maƙala za ta yi amfani da tsuntsayen da muke gani kullum domin ta nuna cewa jirgin da ya dace da ɗan koyo shi ne mai tafiya a hankali, mai daidaita kansa da kansa, wanda kuma idan ya faɗi ana iya gyara shi.

Daga Tsuntsu Zuwa Jirgi

Waɗanda suka fara ƙera jirgin sama ɗaliban tsuntsaye ne. Wani Bajamushe mai suna Otto Lilienthal ya yi shekaru yana nazarin wani tsuntsu dangin shamuwa, wanda yakan baro Turai ya zo Afirka a lokacin sanyinsu. A shekarar 1889 ya wallafa littafi a kan tashin tsuntsaye, sa'an nan ya ƙera fikafikai ya riƙa tashi da su daga kan tudu, har ya yi tashi wajen 2,000. A watan Agusta na 1896 ya faɗo ya rasa ransa. Haka kuma Wilbur Wright na Amurka ya lura da yadda manyan tsuntsaye masu shawagi suke murɗa bakin fikafikansu idan iska ta karkatar da su. Da wannan dabara shi da ƙanensa Orville suka sarrafa jirginsu, wanda ya tashi ran 17 ga Disamba, 1903, ya yi sakan 12 a sama, ya ci nisan mita 37.

Abin lura shi ne ƙaramin jirgi ya riga babba tashi. A shekarar 1871, a birnin Faris, wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tayar da wani ɗan jirgi da murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar mita 40 cikin sakan 11. Babu matuƙi a cikinsa, babu kuma mai sarrafa shi daga ƙasa, saboda haka tilas Pénaud ya ƙera shi yadda zai daidaita kansa: ya lanƙwasa bakin fikafikan sama, ya kuma sa masa wutsiya. Wannan darasi nasa shi ne ginshiƙin jirgin koyo har gobe.

Sarrafa abu da rediyo kuwa, Nikola Tesla ya nuna shi a birnin Niyok a 1898 da wani ƙaramin jirgin ruwa. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter da William Good, suka shahara da ƙaramin jirgin sama mai rediyo da suka ƙera. Kada kuma a ɗauka abin wasan yara ne kurum. A watan Agusta na 2003 wani jirgi da Maynard Hill ya ƙera, wanda nauyinsa bai wuce kilo 5 ba, ya ƙetare tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ailan, tafiyar sama da kilomita 3,000, cikin kusan awa 39 ba tare da ya sauka ba.

Lodin Fiffike

Abu na farko da za a duba a jikin jirgi shi ne girman fiffikensa idan an gwama da nauyinsa. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda yana karkatar da iskar da ke bi ta jikinsa zuwa ƙasa, ita kuma iskar ta tura shi sama. Wannan ƙarfin ɗagawa ya dogara ga faɗin fiffike da kuma gudu. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin ɗagawa yakan ninka sau 4. Idan matuƙi ya rage gudu yana ta ɗaga hancin jirgi domin ya riƙe shi a sama, akwai iyakar da iska za ta daina bin bayan fiffiken, sai ƙarfin ɗagawa ya yanke, jirgi ya sunkuya ya faɗo. Bari mu kira wannan sarewar fiffike. Ita ce ta halaka Lilienthal, ita ce kuma ta fi karya jiragen 'yan koyo.

A dubi ungulu. Nauyinta kimanin kilo 2 ne, amma idan ta buɗe fikafikanta sukan kai kusan santimita 170, ga su kuma da faɗi kamar faifai. Shi ya sa take iya shawagi a hankali a kan iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa da hantsi, ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Shaho kuwa fikafikansa sirara ne masu tsini, an yi su domin gudu da kai sura. Wani ɗan'uwansa ma yakan wuce kilomita 300 a awa idan ya sulalo daga sama. Nauyin da kowane yanki na fiffike yake ɗauka shi ake nufi da lodin fiffike.

Ga lissafin da malami zai iya bai wa ɗalibansa a aji. A ce jirgi yana da fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 20. Filin fiffiken ya zama murabba'in santimita 2,400 ke nan. Idan nauyin jirgin giram 840 ne, to kowane murabba'in santimita 100 yana ɗauke da giram 35. Irin wannan jirgi yana iya rage gudu zuwa kimanin kilomita 27 a awa kafin fiffikensa ya sare. Idan kuwa lodin ya kai giram 80, kamar yadda akan samu a kwaikwayon jiragen yaƙi, to sai ya riƙe gudun da ya haura kilomita 40 a awa, har a lokacin sauka.

A nan ne jikin ɗan Adam yake shigowa cikin lissafin. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa akwai kimanin rubu'in sakan, ga wanda ya riga ya san abin da zai yi. Ɗan koyo kuwa sai ya tsaya ya yi tunani, abin da kan ɗauke shi sakan 1 ko 2. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin mita 28 a kowane sakan. Kafin mai shi ya gama tunani, ƙasa ta riga ta yanke hukunci. Saboda haka a nemi jirgi mai tsawon fiffike tsakanin santimita 120 zuwa 150, mai lodi tsakanin giram 25 zuwa 45. Wanda ya gaza wannan girma iska takan yi wasa da shi, kuma da ya ɗan yi nisa ba a iya gane inda ya fuskanta.

Siffar Fiffike da Mazauninsa

Duk mai kiwon tantabaru ya san yadda tantabara kan ɗage fikafikanta sama idan ta daina kaɗawa tana sulalowa, su yi kamar harafin V. Jirgin koyo ma haka ake yi masa, sai dai nasa ɗagewar kaɗan ce, digiri 3 zuwa 6 a kowane gefe. Amfanin wannan shi ne, idan iska ta karkatar da jirgin zuwa dama, zai fara zamewa ta wannan gefe. Iskar da ke tarar sa daga dama sai ta fi bugun ƙarƙashin fiffiken da ya yi ƙasa, ta ɗaga shi, jirgin ya koma daidai. Wato idan ɗan koyo ya ruɗe, matuƙar jirgin yana can sama, abin da zai yi shi ne ya saki sandunan rimot, jirgin ya gyara kansa.

Mazaunin fiffike ma yana da muhimmanci. Jirgin da fiffikensa yake bisa gadon bayansa, gangar jikin tana rataye a ƙarƙashi, ya fi wanda fiffikensa yake ƙasan ciki natsuwa. Jirgin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma aka ƙera fiye da 44,000 irinsa, mai fiffike a sama ne, kuma dubban matuƙa a duniya da shi suka koya. Ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ɗalibi yana farawa ne da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya kafin ya kai ga manya. Har ila yau a duba fiffiken ta gefe. Wanda ƙasansa yake shafaffe, bayansa kuma yake da doro, shi ya fi ba da ƙarfin ɗagawa a ƙaramin gudu. Wanda sama da ƙasansa suke daidai an yi shi ne domin masu alkafura a sama.

Layi Uku ko Huɗu?

Ana iya kwatanta kayan sarrafa jirgin da jikin dabba. Rimot da ke hannun matuƙi shi ne ƙwaƙwalwa. Saƙonsa yana isa ga wata 'yar na'ura mai karɓar saƙo a cikin jirgin, ita kuma ta miƙa shi ta wayoyi, kamar jijiyoyi, zuwa ga wasu ƙananan injina da ake kira sarbo, waɗanda suke aikin tsoka. Su ne suke ja ko tura leɓɓan da aka maƙala a bayan fiffike da wutsiya. Wanda yake son ya ga aikin wutsiya da idonsa, ya kalli shirwa tana shawagi a kan mahauta, ya ga yadda take murɗa bindinta tana juyawa.

Kowane umarni yana da nasa layi. Jirgi mai layi 3 yana da totur, da leɓen kwance na wutsiya mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da leɓen tsaye mai juya shi dama ko hagu. Mai layi 4 yana da ƙarin leɓɓa biyu a bayan fikafikai, masu karkatar da shi. Wanda zai koya shi kaɗai, mai layi 3 ya fi masa sauƙi. Wanda yake da malami a kusa yana iya farawa da mai layi 4. Amma shi rimot ɗin kansa gara a sayi mai layi 6, domin zai yi wa mutum aiki a jirginsa na biyu da na uku.

A da ana amfani da mitocin rediyo irin su megahaz 27 da 35 da 72, kuma idan mutum biyu suka kunna rimot a kan mita ɗaya, sai jirgin ɗayansu ya faɗo. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, inda kowane rimot yake ɗaure da jirginsa shi kaɗai. Kada a yarda a sayi tsohon yayi don araha. Bugu da ƙari, jiragen koyo da yawa a yanzu suna zuwa da wata na'ura mai jin karkata, wadda take aiki irin na bututun nan uku masu ruwa da ke cikin kunnenmu, waɗanda suke sanar da mu idan kanmu ya juya. Tana hana jirgin karkata fiye da kima, wasu ma suna da maɓallin da za a danna jirgin ya miƙe. Taimako ne babba, amma a riƙa rage dogaro da ita sannu a hankali, in ba haka ba hannu ba zai faɗa ba.

Da Me Aka Ƙera Shi?

Shekaru da yawa katakon balsa shi ne abin ƙera waɗannan jirage. Itace ne na ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ƙasar Ikwado ce ta fi fitar da shi, kuma masana tsirrai sun sa shi a dangi ɗaya da rimi da kuka. Ƙwayoyin halittarsa manya ne masu siraran bango, idan ya bushe sai iska ta cika su, kusan kamar totuwar kara. Jirgin balsa yana tashi da kyau, amma idan ya faɗi yakan ragargaje, gyaransa ya ci makonni. Jirgin soso kuwa, musamman soso mai danƙo da ake rubuta wa EPO ko EPP a jikin kwali, yakan lotsa ne ko ya tsage, a liƙe shi da gam a koma fili. A guji soso mai gautsi irin wanda ake tare talabijin da shi a cikin kwali, domin marmashewa yake yi.

Inji iri biyu ne. Akwai mai shan mai na musamman, haɗin metanol da man shafawa da wani sinadari. Yana da ƙara, yana buƙatar saiti, man kuma yana da wuyar samu a wurarenmu, ga ƙurar hunturu da ke cinye cikinsa. Akwai kuma injin lantarki mai aiki da batir, wanda da an tura totur ya tashi. Shi ya dace da ɗan koyo. Sa'an nan a lura da inda farfela take. Tun da yake da hanci jirgi yake faɗuwa, wanda aka ɗora wa inji a bayan fiffike, farfelar tana turawa daga baya, ya fi tsira daga karaya, ana kuma iya cilla shi da hannu ya sauka a kan cikinsa ba tare da tayoyi ba. Jirgin EasyStar na kamfanin Multiplex na Jamus, mai fiffiken santimita 137, misali ne na wannan ƙira. Apprentice na E-flite kuma, mai fiffiken santimita 150, misali ne na mai farfela a gaba da taya uku. An ambace su ne domin a gane siffar da ake nufi.

Batirin da ake amfani da shi, wanda ake rubuta wa LiPo, yana buƙatar kulawa ƙwarai. Kowane ɗaki nasa yana ba da bolt 3.7, yana cika a 4.2, kuma yana lalacewa idan aka zuƙe shi ƙasa da 3.0. Batir mai ɗaki 3 na matsakaicin girma yakan riƙe jirgin koyo minti 10 zuwa 15. Zafi abokin gabarsa ne: kada a bar shi a rana ko a cikin mota. A yi cajinsa da cazar da aka yi dominsa, a kan siminti ko a cikin tukunyar ƙasa mai yashi, kuma a tsaya a kansa, domin yana iya kamawa da wuta. Wanda ya kumbura ko ya huje a daina aiki da shi. Gara kuma a zaɓi caza mai karɓar bolt 12, wadda za a iya jona wa batirin mota ko na sola idan babu wuta.

Abin da Ke Rubuce a Jikin Kwali

Akwai wasu haruffa da mai saye zai gani. RTF na nufin komai yana ciki, har da rimot da batir da caza. PNP na nufin jirgi da injinsa suna nan, amma babu rimot da batir. ARF na nufin gangar jiki ce kawai, sai an nemo inji da sauran kaya. Akwai kuma wanda yake zuwa a yanka-yanka sai an harhaɗa. Ɗan koyo ya ɗauki na farko. Ƙera jirgi da hannu ilimi ne mai yawa, kuma shi ya kamata ƙungiyar kimiyya ta sa a gaba. To amma idan sabon maƙeri kuma sabon matuƙi ya tayar da jirgi ya faɗo, ba zai san ko laifin ƙira ba ne ko na tuƙi.

Kafin a biya kuɗi a tambaya ko ana samun kayan gyaransa. Kada a kashe duk abin da aka tara a kan jirgin. A ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu domin ƙarin farfela 3 ko 4, da batir na biyu, da gam. A kuma zaɓi jirgi mai launi mai haske, wanda samansa ya bambanta da ƙasansa, domin farin jirgi ɓacewa yake yi a cikin hazo.

Kafin Ranar Tashi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar matsalar ɗan koyo tana zuwa ne idan jirgi ya juyo yana fuskantar sa, domin a lokacin damar jirgin ta koma hagunsa. Ba a warware wannan da tunani, sai da maimaici, har sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda yake riƙe da gwanintar hawan keke, ya karɓi aikin. Akwai manhajojin kwamfuta da ake jona wa rimot a yi ta gwaji, wasu ma kyauta ne. Awa 10 a gaban kwamfuta, ana faɗuwa ba asara, ta fi sayen jirgi na biyu sauƙi. Idan kuma akwai wanda ya iya a kusa, ana iya haɗa rimot biyu, malami ya karɓe jirgin da zarar ɗalibi ya ruɗe.

A duba cibiyar nauyin jirgin. A ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a wurin da takardarsa ta nuna, wanda yawanci yake tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan rinjaya. Idan wutsiya ce ta rinjaya, ko gwani ba zai ji daɗinsa ba, sai a matsar da batir gaba. A kullum rimot ake fara kunnawa, totur yana ƙasa, kafin a jona batirin jirgi, kuma shi ake kashewa a ƙarshe. Idan za a yi wani saiti a gida a cire farfela, domin tana yanka yatsa har ƙashi.

A nemi filin da ya kai girman filin ƙwallo biyu ko fiye, wanda babu mutane, ko dabbobi, ko wayoyin lantarki. A fita da sassafe, lokacin da ganyen itace yake ɗan motsi kawai, rana kuma tana bayan matuƙi. Da rana a bazara akwai guguwa, kuma iskar da ta kai digiri 40 na zafi ta fi mai digiri 15 sakayau da kimanin kashi 8 cikin 100, wato fiffike zai buƙaci ƙarin gudu. A tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantar ta, kamar yadda kowane tsuntsu yake yi.

Doka da Tsaro

Wannan batu ba na wasa ba ne a halin da ake ciki. A shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar cewa tayar da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka kafin makaranta ta yi odar jirgi, shugabanta ya rubuta wa hukuma ya nemi bayanin ƙa'idojin da suke aiki, ya kuma sanar da jami'an tsaro da mai unguwa wuri da lokacin da za a riƙa tashi. A nisanci filin jirgin sama da barikin soja da gine-ginen gwamnati. Kada jirgi ya wuce mita 120 a sama, wadda ita ce iyakar da ƙasashe da yawa suka sa, kada kuma ya ɓace wa idon mai shi.

Kammalawa

A taƙaice, jirgin farko ya kasance na soso, mai injin lantarki, mai faffaɗan fiffike a bisa gadon baya wanda bakinsa ya ɗan ɗage sama, mai tsawon santimita 120 zuwa 150, da rimot na gigahaz 2.4. Ba shi ne zai fi ɗaukar ido a kanti ba, kamar yadda ba a yabon ungulu da kyau. Amma shi ne zai bai wa ɗalibi lokacin da zai yi kuskure ya gyara, kuma shi ne zai kai ƙarshen zangon karatu yana tashi. Jirgin da na saya bayan wancan na cikin buhu irin wannan ne. Ya faɗi ba adadi, jikinsa duk tabon gam ne, amma da shi na koya.

Ga malamai kuma, kafin kuɗin jirgi su taru akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. A fita da ɗalibai bayan makaranta da hantsi, kowa da littafinsa, su zana fiffiken shirwa da na tantabara da na balbela, su rubuta yadda kowannensu yake juyawa da yadda yake sauka. Idan aka yi sa'a aka ga ungulu a dube ta da kyau, domin tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Ɗalibin da ya yi wannan nazari, ranar da aka buɗe kwalin jirgi a gabansa zai gane dalilin kowace siffa da ke jikinsa.